Gandun King Na Ƙasar Teksas: Jawabi Ga Ma'aikatan En'e Bisa Daji Da Kiwo Da Farauta

 

Maganar yau ta daji ce. Duk wanda ya taɓa fita rangadi da kaka ya san ƙarar da ta fi yawa gaban hakimi. Shanu sun shiga gona, ko an nome burtali, ko kuwa maharba sun sa wa daji wuta abincin dabbobi ya ƙone. Manomi da makiyayi da maharbi, kowa gani ya ke dajin nan nasa ne. To, akwai wata ƙasa can Amurka, sunanta Teksas, inda aka bi wata hanya dabam. Can mutum guda ke mallakar daji, ya kewaye shi da waya, ya zuba shanu ciki, ya bar namun daji su hayayyafa, sa'an nan ya sayar wa maharba izinin shiga. Labarin yadda wannan ya faru, da abin da ya gyara, da abin da ya ɓata, shi za a kawo.

Gandun da ya fi suna cikin irin waɗannan shi ne na King, a kudancin Teksas, tsakanin garin Corpus Christi da kogin Rio Grande wanda ya raba Amurka da Meziko. Faɗinsa eka 825,000, watau murabba'in mil 1,289 in an lissafa. Wanda ya san dajin Yankari, wanda En'e ta Bauchi ta keɓe a 1957, sai ya ɗauki Yankari ɗaya da rabi, ya sami girman gandun nan. Ba a haɗe ya ke wuri guda ba, kashi huɗu ne: Santa Gertrudis, da Laureles, da Encino, da Norias. Duk kuwa na zuriyar mutum guda ne.

Mutumin nan Richard King ne, wanda aka haifa a birnin Niyok a 1824, ɗan talakawa. Yana ɗan shekara 9 aka kai shi koyon ƙirar zinariya, da ya kai 11 ya gudu ya ɓuya cikin jirgin ruwa, ya tashi cikin ma'aikatan jirgi har ya zama direba. A 1847, lokacin yaƙin Amurka da Meziko, ya zo kogin Rio Grande yana jigilar kayan soja, ya tara kuɗi. A 1852 ya hau doki daga Brownsville zai tafi Corpus Christi, ya ratsa wani fili wanda mutane ke kira Hamadar Dawakin Jeji, domin ba kowa cikinsa sai dawakin da suka ɓalle suka zama na daji. Ya yi tafiyar mil 120 da ɗoriya bai ga ruwa mai gudu ba sai da ya iso wani rafi, Santa Gertrudis. Mutumin da ya yi rayuwarsa bisa ruwa ya san darajarsa. Shekara ta kewayo, 1853, ya sayi eka 15,500 a bakin rafin nan dala 300, watau dala guda ta saya masa eka 50 har da ɗoriya. A 1854 ya ƙara eka 53,000 dala 1,800.

Arahar nan tana da dalili, ya kamata Alƙalai su saurara. Ƙasar ba ta rasa masu ita ba. Tun zamanin mulkin Sifen da na Meziko aka ba waɗansu iyalai ita da takarda, amma yaƙe-yaƙe suka kore su zuwa hayin kogi, suka bar gidajensu kango. King ya sa lauyoyi suna bin magada ɗaya-ɗaya, suna sayen rabon kowa, wani fili ma sai da ya biya kuɗinsa fiye da sau ɗaya don magada sun yi yawa. Takardun ciniki suna nan. Amma jikokin waɗancan iyalai da yawa sun riƙe cewa mutumin da aka ci ƙasarsa da yaƙi, yana jin tsoron komowa gida, cinikinsa ba na yardar rai ba ne, masu tarihi kuwa ba su gama gardama bisa wannan ba. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, King ya bi Kudu, ɓangaren masu bayi, ya yi ta fitar musu da auduga ta Meziko, dukiyarsa ta ƙaru ƙwarai.

Ƙasa ta samu, saura masu kiwo. A 1854 aka yi fari a arewacin Meziko, King ya tafi wani ƙauye, Cruillas, ya saye musu shanu. Da ya ga ya bar mutane ba abin yi, sai ya ce su biyo shi. Suka tattara komatsansu, maza da mata da yara, suka biyo shanunsu. Su ne a ke kira Kineños, watau mutanen King, har yau kuwa akwai jikokinsu da ke aiki a gandun. Su suka san doki da igiyar kamun sa, su suka koya wa maigidan kiwo. Zamansu irin na bara da ubangidansa ne: gida da abinci da makarantar yara da kulawa in tsufa ya zo, albashi kuwa kaɗan. Duk da haka cikinsu aka sami Lauro Cavazos, wanda aka haifa a gandun a 1927, ya zama ministan ilmi na Amurka duka a 1988.

A farkon al'amari ba shinge ko'ina. Shanun ƙasar masu dogon ƙaho ne, asalinsu na Sifen, suna yawo inda suka ga dama, kowa ya kan yi wa nasa lalas da lambarsa don a gane su. Lambar King, wadda ta yi kama da maciji yana tafiya, a 1869 aka rubuta ta cikin littafin hukuma. Bayan yaƙin basasa sa ba shi da daraja a Teksas, amma a biranen arewa yana da tsada, don haka a kan kora garke tafiyar wata biyu ko uku zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas. Tsakanin 1869 da 1884 King ya tura shanu fiye da 100,000 ta wannan hanya. Fatauci ne irin wanda dillalan shanu suka sani, sai dai da doki a ke korar.

Abin da ya sauya ƙasar duka wata 'yar waya ce. A 1874 wani manomi, Joseph Glidden, ya sami takardar mallakar fasahar waya mai ƙaya. Dā shinge sai mai dukiya, gama katako a ke sayowa daga nesa, kamar yadda King ya fara yi. Da waya ta yi araha, masu hali suka shiga kewaye daji, waɗansu suka haɗa har da filin gwamnati, da mashaya, da hanyar da mutane ke bi zuwa kasuwa da makaranta. Makiyayi marar ƙasa, wanda ya saba sakin shanunsa ko'ina, ya wayi gari garke na kuka, ruwa ga shi ana gani, waya ta tsare. A 1883 aka yi fari, abin ya ƙazanta. Mutane suka riƙa fita da dare ƙungiya-ƙungiya da almakashin ƙarfe suna yanke waya, suna sa wa makiyaya wuta, har aka yi rasuwa. Gwamna John Ireland ya kira majalisar dokoki zaman gaggawa a farkon 1884. Aka yi doka: wanda ya yanke waya ɗaurin shekara 1 zuwa 5, wanda ya kewaye filin da ba nasa ba shi ma ya yi laifi, amma ƙarami, wanda shingensa ya ratsa hanyar jama'a kuwa tilas ya sa ƙofa kowane mil 3. A dubi yadda aka auna hukuncin nan biyu. Mai almakashi ya tafi kurkuku, mai waya ya biya tara. Daga ran nan kiwon yawo ya kama hanyar ƙarewa a Teksas, makiyayin da ba shi da ƙasa ya sayar da shanunsa, ko ya yi ƙaura, ko ya zama ɗan ƙwadagon mai ƙasa. Duk wanda ya ji ana yabon zaman lafiyar gandayen Amurka, ya tuna da wannan ne farkonsa.

King ya rasu a 1885, ya bar eka wajen 614,000 da bashin dala 500,000. Matarsa Henrietta ta riƙe dukiyar shekara 40, da taimakon surukinta Robert Kleberg, lauya ne, suka biya bashin, suka kusan ninka ƙasar. Babban aikin Kleberg neman ruwa. Ƙasar ba ta cika samun inci 30 na ruwan sama a shekara ba, shi ma ba shi da alkawari, bana ambaliya baɗi fari. A 1899 aka haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwa ya ɓulɓulo da kansa. Daga nan aka yi ta haƙa, aka kafa famfuna masu aiki da iska, har ya zamana saniya ba ta tafiya mai nisa kafin ta sha. Da ruwa ya samu jirgin ƙasa ya iso a 1904, aka kafa garin Kingsville bisa filin da Henrietta ta bayar, da sharaɗin ba a sayar da giya cikinsa.

Sai kuma kaska. Shanun kudancin Teksas suna ɗauke da wani zazzaɓi wanda ba ya kashe su, amma in suka ratsa ta cikin shanun arewa sai waɗancan su yi ta fitsarin jini suna mutuwa, har jihohin arewa suka hana su wucewa. A 1893 likitoci biyu, Theobald Smith da Fred Kilborne, suka tabbatar kaska ce ke kai cutar. Kleberg na cikin na farko da suka gina ramin wanka, a cika shi da ruwan magani, a kora shanu su yi iyo su fita. Gwamnatin Amurka ta fara yaƙi da kaskar a 1906, ba ta gama ba sai 1943, shekara 37 ke nan ana wanke shanu ana kulle makiyaya, aka bar wani siririn yanki a bakin Rio Grande ƙarƙashin tsaro. Malaman dabbobi da suka sha fama da allurar bushiya sun san irin haƙurin da wannan ke bukata.

Shanun Ingila da aka kawo don nama, irin da a ke kira Shorthorn, zafi da ƙwari suka hana su sakewa. Sai aka haɗa su da shanun Indiya masu tozo, dangin shanun ƙasar Hausa. A 1920 aka haifi wani ɗan maraƙi ja wur, aka sa masa suna Monkey saboda wasansa, 'ya'yansa duk suka ɗauko jikinsa da launinsa. Daga gare shi aka sami irin Santa Gertrudis, kashi 5 cikin 8 jinin Ingila, kashi 3 na Indiya, wanda gwamnati ta yarda da shi a 1940, shi ne irin shanun nama na farko da aka fitar a Amurka.

Henrietta ta rasu a 1925. Harajin gado, irin ushira amma ya fi ta nauyi nesa, ya haɗu da faɗuwar kasuwa ta 1929, bashi ya kai wajen dala miliyan 3. Abin da ya cece su haya ce da suka ba kamfanin mai na Humble a 1933 ya nemi mai cikin dajin. A 1934 iyalin Kleberg suka mai da rabonsu kamfani, kowane magaji ya riƙe hannun jari maimakon yanki na ƙasa, don kada rabon gado ya yayyanka dajin. Kada a manta da man nan in ana lissafin ribar gandun, gama shanu kaɗai ba su fid da shi ba.

Yanzu a komo ga namun daji, wanda shi ne rabin maganar. Wajen 1900 naman daji ya kusa ƙarewa a Teksas. Maharban kasuwa sun karkashe barewar ƙasar, wata iri ce mai farar wutsiya wadda ƙahon namijinta ke yin rassa, ya zube kowace shekara ya sake tsirowa. Talotalon daji ma ya yi wuyar gani. Wani ɗan'uwan Kleberg, sunansa Caesar Kleberg, wanda ya zo gandun a 1900 ya riƙe yankin Norias, shi ya tsaya bisa wannan. A 1912 ya kafa wa gandun dokokin farauta tun gwamnati ba ta yi nata da ƙarfi ba. Ba a harbi a bakin ruwa. Talotalo sai da bindiga mai harsashi guda, a kai ko a wuya, in ka kuskure ya tsira. Farautar barewa kuwa ta tsaya da zarar lokacin barbara ya kama. Dokar mashaya ita ce mai hikima cikinsu. A ƙasar fari kowace dabba tilas ta zo ruwa, mai laɓewa nan ba gwaninta ya nuna ba, yana iya share dajin duka cikin rani guda. Tsofaffin sarakunan baka sun san haka, ko da ya ke ba su rubuta ba. Rijiyoyin da aka haƙa don shanu su suka shayar da barewa, sai a bar musu kwarami a ƙasa inda ƙananan dabbobi da tsuntsaye za su kai baki. A 1945 gandun ya ɗauki wani masani, Val Lehmann, aikinsa kawai lura da namun daji da ƙidayarsu. Caesar ya rasu a 1946, ya bar dukiyarsa don wannan aiki, da ita aka kafa makarantar binciken namun daji mai sunansa a Kingsville a 1981.

Dokar Teksas a nan tana da ban mamaki. Naman daji na asalin ƙasar na jama'a ne duka, gwamnati ke riƙe da shi amana. Ita ke yanka lokacin farauta, ta ba da lasin, ta faɗi yawan da mutum zai kashe, kowace barewa kuma sai an ɗaura mata takardar shaida. Amma fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar Teksas na masu zaman kansu ne, ba kuwa mai taka filin wani sai da izini. Ka ga nan, barewa ta kowa ce, ƙofa ta mutum guda. Mai ƙasa ba shi da ikon sayar da barewar, sai ya sayar da shiga. Attajiran birni ko kamfani su kan kama makiyaya guda haya shekara-shekara, kuɗi bisa kowace eka, su kafa sansani, su zo da sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu. Kafin nan an hau jirgin sama mai saukar ungulu an ƙidaya dabbobin, an ce ga yawan maza da za a harba, ga yawan mata, ƙananan maza kuwa a bar su su girma. Wanda ya saɓa, baɗi ba a sabunta masa haya. A kudancin Teksas masu ƙasa da yawa abin da su ke samu daga maharba ya fi abin da su ke samu daga shanu.

Amfanin wannan a fili ya ke. Dabbar da dā mai ƙasa ke gani tana cinye wa shanunsa abinci ta zama dukiya, yana tsaronta kamar yadda ya ke tsaron garkensa, Teksas kuwa ta cika da barewa miliyoyi. Aibinsa ma a fili ya ke. Farauta ta zama ta mai kuɗi. Talakan da kakansa ya ci daga dajin nan, in ya tsallaka waya da bindiga ɓarawo ne a idon shari'a, ko da ya ke dabbar da ya bi, bisa ga takarda, yana da rabo cikinta.

Wurin da hankali ya fi aiki shi ne raba abinci tsakanin saniya da naman daji. Matafiyan farko sun tarad da ƙasar fili ce ta ciyawa. Da aka yawaita shanu, aka kuma hana gobarar daji wadda dā ke ƙone ƙananan itatuwa, sai wata ƙaya mai suna meskit, dangin ƙirya, ta mamaye ko'ina. Shanu da kansu suka shuka ta, su ci 'ya'yanta su kasayar da ƙwayar a wani wuri. Gandun King ya yi shekaru yana yaƙi da ita, da gatari tukuna, daga baya da katafila mai jan garma mai zurfi wadda ke yanke saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Inda aka share sai a shuka ciyawar waje mai yawan ganye. Ɗaya daga cikinsu, wadda su ke kira bafal, daga Afirka aka kai ta, 'yar'uwar ƙarangiya ce. Shanu suka yi ƙiba. Amma da kuɗin farauta ya fara shigowa sai aka ga an yi ɓarna. Barewa ba ciyawa ta fi ci ba, ganyen sarƙaƙiya ne da ƙananan tsire-tsire, cikin sarƙaƙiyar kuma ta ke ɓoye ɗanta. Akwai kuma wata 'yar makwarwa, ba ta kai tattabara ba, wadda attajirai ke kashe kuɗi mai yawa su harbe ta da karnuka. Ita tana son tushen tsohuwar ciyawa ta yi sheƙa, da ɗan fili tsirara inda 'yan tsakinta za su yi tafiya su tsinci ƙwaya, da kurmi kusa wanda za ta faɗa in shaho ya kawo bara. Ciyawar waje ta kan rufe ƙasa ruf, ta kashe tsire-tsiren da ke ba da ƙwayar, tsuntsuwar ta watse.

Saboda haka aka sake dabara. Maimakon a share daji ƙaf, sai a yi masa aski layi-layi, nan fili nan kurmi. Wutar da aka hana dā aka komo da ita, amma da lissafi: a ƙarshen sanyi, yanki-yanki, bayan an share iyaka an duba iska. Saniya kanta ta zama kayan aiki, gama kiwo madaidaici yana buɗe ciyawa ya ba makwarwa hanya. In ya yi yawa ya cinye sheƙarta, in babu shi sam ciyawa ta toshe. Abin da ya rage duka shi ne yawan baki bisa eka. A wurare da yawa can saniya guda sai an ware mata eka 20 ko fiye. Masu hankali cikinsu su kan tsaya ƙasa da abin da dajin zai ɗauka a shekarar kirki, in fari ya kama kuwa su sayar da wuri tun shanu na da nama. Sun koyi wannan da wuya, a farin 1950 zuwa 1957, sa'ad da aka riƙa babbake ƙayar wani tsiro mai faɗin ganye da wutar kananzir don shanu su sami abin tauna, da kuma farin 2011. A nan al'adarsu ta rabu da ta Fulani. Su saniya haja ce, ba mai jin kunyar rage garke, kuma mai jangali ba ya bin su yana ƙidayar kai, ƙasar a ke yi wa haraji.

Caesar Kleberg ya yi wani abu guda wanda har yanzu a ke biyan kuɗinsa. Tsakanin shekarun 1920 da 1930 ya saki waɗansu manyan dabbobin Indiya a Norias, sunansu nilgai, kamar gwanki su ke. Ƙasar ta karɓe su, suka zama dubbai, suka bazu gandayen maƙwabta. Namansu na da daɗi, maharba na biya, kuma da ya ke baƙi ne dokar lokacin farauta ba ta hau kansu ba. Amma nilgai dangin shanu ne na nesa, kaskar nan da aka yi shekara 37 ana yaƙi da ita tana zama jikinsu. Suna tafiya mai nisa, suna kutsawa ƙarƙashin waya, ba kuwa mai iya kora gwankin daji cikin ramin wanka. Da kaskar ta sake ɓulla a gundumomin bakin teku wajen 2014, su aka fi zargi, aka kulle shanun mutane da yawa waɗanda ba su taɓa sakin nilgai ba.

Baƙin dabbobi ba su tsaya nan ba. A waɗansu gandaye na tsakiyar Teksas, masu shinge mai tsawon ƙafa 8, akwai mariri dubbai, farin nan mai ƙaho kamar takobi wanda dā ke yawo a sahel na Nijar da Cadi. A shekara ta 2000 aka bayyana ya ƙare a daji ƙasarsa ta asali, alhali yana hayayyafa a Teksas domin ana biyan kuɗi a harbe shi. A 2016 aka fara mai da shi Cadi daga garken da aka tara a Abu Dabi, ya kuwa kama. Waɗansu na ganin kiwon dabba don a harbe ta cikin shinge abin kunya ne ga maharbi, waɗansu na cewa ba don haka ba da ba a tara su da yawa ba. Kowane ɓangare na da abin kamawa.

Gwamnati ma ta sa hannu ta wajen haraji. Ƙasar noma da kiwo a Teksas ana yi mata kuɗin haraji bisa abin da ta ke fitarwa, ba bisa abin da za ta yi a kasuwa ba, bambancin kuwa babba ne. Dā in mutum ya kwashe shanunsa rangwamen ya faɗi, don haka mutane suka riƙa ajiye shanu a filin da ya gaji don tsoron Ma'aji kawai. A 1995 aka gyara tsarin mulkin jihar, aka ce wanda ya mai da irin wannan fili wurin kula da namun daji rangwamensa na nan, muddin ya yi uku daga cikin ayyuka bakwai da aka lissafa, kamar ba da ruwa, da gyaran mafaka, da ƙidaya. Malaman haraji su lura, layi guda cikin littafin haraji ya hutar da daji fiye da yadda dogarai ɗari za su yi.

Wanda wannan tsari ya burge shi, ya nemi sanin mutum nawa ke cikin dajin. Gundumar Kenedy, inda Norias ta ke, faɗinta ya fi murabba'in mil 1,400, amma ƙidayar 2020 ta sami mutum 350 kacal cikinta. Ƙauyen dagaci guda ya fi ta jama'a. Babbar hanyar mota da ta ratsa ta ma sai a 1940 aka buɗe, kafin nan matafiyi sai ya yi dogon zagaye, gama masu gandaye ba su so a keta musu daji ba. Rikicin manomi da makiyayi bai taso can ba domin ba manomi, ba mai itace, ba mai saƙar zuma. A Arewacin Nijeriya kuwa tun dokar ƙasa ta 1910 aka ɗauki ƙasa amana ce a hannun hukuma don jama'a, dokar 1978 ta sa ta hannun gwamnan jiha, daji guda kuma yana ciyad da mutane iri-iri waɗanda ba su da takarda ko ɗaya. Ƙidayar dabbobi, da hana harbi a mashaya, da sa wuta da lissafi, duk ana iya ɗauka. Wayar ce ba ta ɗaukuwa sai an fara amsa inda mutanen ciki za su.

Wayar ma akwai abin da ba ta tsarewa. Akwai wani ƙuda a ƙasashen nan wanda ke yin ƙwai a bakin miki, ko a cibiyar ɗan maraƙi sabon haihuwa, tsutsarsa ta yi ta cin naman dabba tana da rai har ta mutu. Dā aikin Kineños na kullum ke nan, hawa doki ana duba shanu ɗaya-ɗaya ana shafa magani, 'ya'yan barewa kuwa ba mai duba su, suna mutuwa da yawa. Masana biyu, Edward Knipling da Raymond Bushland, suka gano macen ƙudan sau ɗaya ta ke barbara. Sai aka riƙa kiwon ƙudajen miliyoyi, a haska su da wani haske mai kashe haihuwa, a watsa su daga jirgin sama, macen da ta gamu da irin wannan namiji ƙwanta ba ya ƙyanƙyashewa. A 1966 aka bayyana Amurka ta rabu da shi, barewa ta ƙaru ƙwarai bayan haka, aka yi ta tura ƙudan kudu har Panama. A 2023 ya ɓalle daga can ya kamo hanyar arewa, a watan Nuwamba na 2024 aka same shi a kudancin Meziko, Amurka ta rufe iyakarta ga shanun Meziko, ta sake rufewa a 2025. Saniya ana iya kama ta a sa mata magani. Barewa da nilgai, waɗanda yanzu su ke biyan rabin kuɗin gandaye da yawa, ba mai iya kama su, masu hawan dokin da suka san aikin duba miki kuwa sun ragu ƙwarai tun 1966.